Jikan Babban Gwani da kabad ɗin garin katako

Bazazzagi! Ya iyali, ya fate, ya kuma mai jiki? Kicin ɗinka nake nufi. Na so in kira ka a waya, sai na tuna kai ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na kawo maganar nan shafin jarida, inda ba ka da bakin katse ni.

Ka tuna ranar walimar tarewarka a sabon gida? Tun da sassafe na baro Kano, na iso da ƙishirwa, amma ko ruwa ba ka bari na kurɓa ba ka kama hannuna. Na zaci falo za mu, sai ga mu a madafi. Magidanci da furfurarsa ya ja baƙo kicin! Mu a Kano in ka ga haka, to gobara ce ta tashi ake neman taimako. Ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa ka ce, "Bakano, buɗe ido ka ga kicin kabinet." Fari ƙal, sai sheƙi yake yi, daga ƙasa har silin, ya zagaye bango uku. Ka ja murfi ɗaya ka sake shi, ya tafi a hankali ya rufe kansa ba ko motsi, kamar munafuki zai fita daga ɗaki. Sau bakwai ka yi mini wannan wasan, na ƙirga. Sannan ka ƙara da cewa, "Matana ma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba." Na waiwaya ina neman ƙaton da ka aura, sai na ga Hajiya ce dai baiwar Allah, Hausarku ce ta sa mata gemu.

To, watan jiya da na dawo ɗaurin auren 'yarmu, ba ka ja ni kicin ba. Duk sanda na doshi wajen sai ka tare ni da hirar siyasa. Hajiya ce, Allah ya saka mata da alheri, ta leƙo ta ce, "Alhaji, shigo ka ga aikin abokinka."

Wallahi sai da na yi salati. Ƙasan wurin wanke-wanke ya kumbura ya yi suntum kamar alkubus ɗin da yis ya yi wa yawa. Murafu biyu na sama sun rataya da hinji ɗai-ɗai, suna reto kamar kunnen balami. Durowar cokula ba ta buɗuwa sai an dafe kanta da gwiwa an ja da hannu biyu, in ta buɗu kuma sai ta taho gaba ɗaya ta zube a ƙafar mutum. 'Yar ledar da aka liƙa a bakin alluna ta ɓare tana naɗewa. Ta baya gara ta shimfiɗa titinta, kyankyasai kuwa sun kafa unguwa, har na ga wani ƙato da nake zaton shi ne mai unguwar. Murfin nan mai rufe kansa yana nan da ladabinsa, sai dai yanzu a rabin hanya yake tsayawa ya yi tunani. Duka-duka damina biyu ke nan.

Na tambayi Hajiya ina tukwanenta. Ta kai ni ɗakin ajiya ta nuna mini tsohon kabad ɗin aurenta, wanda ka kora daga cikin gida ranar tarewa ka ce ƙauyanci ne. Katakon maɗaci ne, ja wur, ya haura shekara 30. Ya zauna haya a Tudun Wada, ya koma Gyallesu, ya yi Samaru, ya hau kura ya hau a-kori-kura, yara biyar sun yi lilo da murfinsa, amma da na ja ƙofar sai ta buɗe sumul ta koma ta zauna daram. A ciki ta jera samirunta da kulolinta, har da kwallayen da mahaifiyarta ta yi mata jere da su. Wato kabad ɗin da ka ce ƙauyanci ne shi ke riƙe da gidan, na birnin kuma yana kwance ana masa fifita.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai a Zariya wannan abu ya faru. Ku da ba ku da zance sai Babban Gwani. In an zauna da Bazazzagi minti goma sai ya faɗa maka yadda Malam Mikaila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajejen shekarun 1830, da tubali da azara da ƙasa, ya ɗaura bakan gizo ya ɗora tulluwa a sama ba rodi ba siminti. Ban musa ba, aiki ne na a zo a gani, tunda har kwaikwayonsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Kuma kukan ba da labari cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari nasa masallacin, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki irinsa. To shi ma kafintanka ya kamata hukuma ta riƙe masa hannu, kuma dalilin ɗaya ne, kada ya je ya yi wa wani irinsa. Ga jami'a a Samaru tun 1962 tana yaye masu zanen gine-gine, ga unguwa sukutum kun sa mata suna Kwangila, duk da haka aka shigo har cikin gida aka sayar maka da dussa a farashin katako.

Dussa na ce, kuma ban yi maka ƙage ba. Wannan allo da ake kira MDF, wanda ka riƙa furta sunansa kamar wani digiri ne ka ƙaro, katako ne aka niƙe ya koma zare-zare kamar auduga, aka cakuɗa da gam, aka matse shi da zafi a inji ya fito shafal, ƙafa huɗu a ƙafa takwas. A Amurka aka fara yin sa don kasuwa a shekarun 1960. Akwai ƙanensa da ya fi shi araha, wanda ake yi da ɓarɓashin katako, in ka karya shi sai ka ga cikinsa kamar ƙuli-ƙulin da bai daku ba. Dukansu fuska kawai ake rufe musu da wata 'yar fata mai sheƙi. Ba haramtattun kaya ba ne, suna da wurin da suke amfani, a busasshen ɗaki, a bangon da ba ya gumi. Amma abokin gabarsu ruwa ne. Katakon gaske in ya jiƙe yakan bushe ya koma kusan yadda yake. Shi wannan in ruwa ya sami kafa ta bakin da aka yanka, sai ya sha ya kumbura, kuma ya kumbura ke nan har abada. Ga shi ba ya riƙe sukuru ta gefe. In hinji ya fizge sau ɗaya, ramin ya zama gari, ko ka sake ɗaurawa sai dai ka yi ta juya sukundireba kamar mai dama kunu. Irin wannan allo ka ɗauka ka sa a ƙarƙashin famfo, a garin da ya fi Kano samun ruwan sama. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Tunda kai ɗan birnin ilimi ne, bari Bakano ɗan kasuwa ya ƙara maka karatu. Kicin ɗin da ake haɗa kabad da bango ba kafintanka ne ya ƙago shi ba. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara shi don gidajen ma'aikata a birnin Farankfot na Jamus, aka yi kusan guda 10,000. Ɗan ɗaki ne, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4, bai kai rabin naka ba. Amma kafin ta ja layi ɗaya sai da aka auna yadda mai girki ke kai da komo, taku nawa daga murhu zuwa famfo, ina hannu ke kaiwa ba tare da an yi ɗage ba. Ta sa kujera don a yi aiki a zaune. Mazubin fulawa ma katako na musamman ta zaɓa masa, wanda tsutsar gari ba ta so. Matar ta rayu shekara 102, wasu daga cikin kicin ɗin nata suna gidajen tarihi har yau. Naka ko yaye bai kai ba.

Ita mai girki ta fara aunawa, kai kuwa idon baƙo ka auna. Wa ya tambayi Hajiya yadda take tuƙa tuwon mutum goma sha biyar? Tuwo a zaune ake tuƙa shi, a kan 'yar kujera, an taka tukunya an kama muciya da hannu biyu. Kai ka gina mata kanta har ƙugu, ka ɗora murhun gas a kai, in za ta tuƙa sai ta yi ɗage kamar mai kaɗo mangwaro. Wa ya tambaye ta inda za ta ajiye buhun masara da jarkar manja da turmi? Ranar da aka kafa turmin a tsakar kicin aka kirɓa kayan miya, tayil uku suka fashe, don mai sa tayil ɗin ɗigo-ɗigon siminti ya yi a kusurwa huɗu ya bar tsakiya fanko. Na ƙwanƙwasa sauran da makullin mota, duk kukan ganga suke yi. Ƙarshenta girkin gaske ya koma bayan gida, ƙarƙashin rumfar kwano, a kan murhun gawayi, inda kakarta ma za ta shiga ta gane komai. Kicin ɗin miliyoyin kuma ya zama wurin dafa ruwan shayi da ɗaukar hoto.

Kada in zalunci kafinta shi kaɗai, don da na duba da kyau sai na ga taron dangi aka yi maka. Kabad ɗin sama da ya sunkuyo, laifin bango ne. Na sa farce na kankari bulon ta inda filasta ta ɓalle, sai ga yashi yana zuba. Wani tsohon birkila a unguwarmu yakan ce buhun siminti mai kilo 50 in ya haifi bulo mai inci tara fiye da talatin da 'yan kai, to 'ya'yan ba na halak ba ne. Naka ban san ko nawa ya haifa ba, amma da gani uwar ta wahala. Ga rashin ban ruwa. Bulo yana so a yi kwanaki ana shayar da shi kafin ya yi ƙwari, amma yau a buga, gobe a loda, jibi a ɗora. Yaya sukuru zai kama a cikin yashi? Ƙasan bangon kuma ba a shimfiɗa ledar da ke tare damshi ba, shi ya sa da damina ta sauka ruwa ya riƙa hawowa, fenti ya yi bororo, kanwa ta fito fari fat, bayan kabad ɗin ya yi ta tsotsa a ɓoye. Shi kuma mai aikin famfo ya haɗa bututu cikin bango da ɗan gam kaɗan, bai saki ruwa ya gwada ba aka rufe da tayil. Kowa ya yi nasa ya karɓi kuɗi ya tafi, ya bar na bayansa ya rufa masa asiri. Birkila ya dogara da mai filasta, mai filasta ya dogara da mai fenti, mai fenti ya dogara da kafinta, kafinta kuma ya dogara da cewa kai Bazazzagi ne.

Da muna yara akwai wani kafinta a bakin layinmu. Yaron da aka kai masa koyo sai ya shekara yana share garin katako da riƙe bakin allo da wasa zarto kafin a bar shi ya yanka ko da ƙafar benci. Haɗin katako kuwa huda ɗaya ake yi, a fere bakin ɗan'uwansa a zura a ciki ya kama tsam, kusa ta zama ta ƙarin ƙarfi kawai. In ƙofa ta ƙi rufuwa bayan shekara, har gida za a zo a kira shi, ya saɓi jakarsa ya tafi da kunya, don a masallaci ɗaya suke salla da mai kayan. Yau a kasuwa inji ke yanka allon, inji ke liƙa masa baki, yaro ya kwaso ya zo ya ɗaura da sukuru. Wata shida ya isa ya buga kati ya buɗe shafi a Instagram ya cika shi da hotunan aikin wasu. Ban ga laifin yaron sosai ba. Wa zai yi shekara biyar yana shara a shago alhali sa'ansa na tuƙa adaidaita sahu yana komawa gida da kuɗin cefane kullum? Katakon kirkin ma ya yi wuya. Maɗobiyar da ta rage a dazukan Taraba da maƙwabta an yi ta sara ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya a 2017. Maɗaci da ƙawo da kirya kuwa je ka 'Yan Katako a Sabon Gari ka taya busasshe ka ji.

Amma babban mai laifin, mutumina, yana sanye da babbar rigarka. Hajiya ta ba ni labarin cinikin. Kafinta na farko, dattijo, ya zo ya auna ya ce a yi ƙasan da bulo da kankare a sa tayil, murafu kawai a yi da katako, wurin famfo kuma a bar shi a buɗe iska na shiga. Ka ce wannan tsohon yayi ne. Na biyu ya zo da waya cike da hotuna, ya faɗi kuɗinsa, ka raba biyu ka ce haka za ka biya, kuma kana so a gama kafin walima, saura kwana goma sha biyu. Ya ce to. Kai a zatonka ka ci kasuwa. Shi kuwa ya san inda zai fanshe: allo mai kaurin milimita 18 ya koma mai 12, bayan kabad ya zama wani falle kamar kwali, hinji ya zama na buhu wanda ake aunawa kamar gyaɗa. Na san lokacin ka ji jiki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000. Sai dai kuɗin da ka ce babu, su ne ka sa a fitilun silin masu canza launi da ƙofar gida mai zanen zinare. Duk abin da baƙo zai gani ka biya shi cif, abin da ke bayan bango kuma ka ce a yi maneji.

Na san amsar da kake tanada, tun daga nan ina jin ka kana gyaran murya. Za ka ce ai allunan daga Kano aka sayo su. Gaskiya ne, na ga rasit. To sai me? Bakano ya shimfiɗa maka kaya kashi uku, ya ce ga na ɗaya, ga na biyu, ga kuma na "yi haƙuri", yaronka ya nuna na ukun ya ce a loda. Mu ba ma hana mutum sayen abin da ya ga dama, balle Bazazzagi da kuɗinsa. Za ka kuma tono maganar silin ɗin falona da ya rufto bara. E, ya rufto. Amma a kan kujerar da kake zama in ka zo ya faɗo, don haka ni ina ganin saƙo ne, kuskuren lokaci kawai aka samu.

Kuma kada ka ce ina kiran a koma ginin ƙasa. Na tashi a gidan ƙasa, na san wahalarsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an yi yaɓe, an gyara indararo, an shafe bango da makuba, in aka yi sakaci shekara biyu katanga ta kwanta. Amma abin da ya lalace a gidan ƙasa, da ƙasar bayan gida ake gyara shi, kuma maginin da ya yi yana nan a unguwa, ɗansa ma ya gaje shi. Kai yanzu wa za ka kira? Lambar kafintanka tun watan azumi take a kashe. Ko ya zo ma ba abin da zai gyara, kumburarren allo sai dai a ɓalle a zubar, ko a murhu ba a so a sa shi saboda hayaƙin gam.

Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne abin da na ji wajen 'yan jere. Wai kicin ɗin amarya, 'yar tamu, irin wannan kabad ɗin ka sa aka kafa mata, kuma a gidan haya. Haba Malam! Iyayenmu da suka yi wa 'ya mace gado da kabad da kwalla, dukiya suka ba ta wadda za ta bi ta duk inda ta koma, in ta shiga matsi ta ɗaga ɗaya ta sayar. Shi ya sa ake yin su da ƙwari, don an san za su hau mota su sauka. Kai ka ɗauki kuɗin yarinya ka manna a bangon wani. Ranar da mai gida ya ba su notis, ko su bar masa kyauta, ko su ɓalle su kwashi gari a buhu. Da na tambayi wanda ya yi aikin, sai aka ce ƙanen wancan ne, wai shi ya fi yayan nasa iyawa.

To ga abin da muka yanke ni da Hajiya, ba da shawararka ba. Tsohon kabad ɗin maɗacin nan na amarya ne. Ranar Asabar zan turo a-kori-kura daga Kano da wani dattijon kafinta, ya goge shi ya shafa masa mai ya kai mata. Daga nan ya biyo ta gidanka ya duba mai jiki, ko da abin da za a iya ceta. Kuɗin motar da na aikin duk a kanka suke, ka haɗa da kuɗin sharata na shekara biyu da ka danne. Ka kuma ce wa matanka ya dama fate da yawa, don ni ma ina tafe, kuma a bayan gida zan ci, kusa da murhun gawayi, ba zan zauna ƙarƙashin kabad ɗin saman nan ba.